Yadda Za Ka Kula da Ruwan Sabon Akwatin Kifi Alhali Kifin Na Ciki

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa, daga masu kemis, da malaman makaranta, da amaren da aka sa wa akwatin kifi a kayan ɗaki, da samarin da suka shiga birni suka ga na wani ya ba su sha'awa: "Malam, na sayo akwatin gilashi, na zuba ruwa mai kyau, na sa kifi. Ba a rufa mako ba suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kuma wallahi ruwan garai-garai yake." Wasu su ce kambun baka ne, wasu su ce mai kifin ne ya haɗa su da marasa lafiya. Galibi ba ko ɗaya. Kifin ne ke zaune cikin gubar da shi da kansa ya fitar, kuma sabon akwati ba shi da abin da zai cinye ta tukuna.

Abin da ya kamata ka sani bai da yawa. Kifi na fitar da amoniya, haka ma kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasa. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke mayar da amoniyar nan zuwa naitirayit, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da shi naitiret, wanda kifi ke iya zama da shi in bai yi yawa ba. A kan kwalaben gwaji za ka ga an rubuta NH3 ga amoniya, NO2 ga naitirayit, NO3 ga naitiret. Bakteriyar nan a jikin soson filta, wato matacin ruwan akwati, da tsakuwa da gilashi suke maƙalewa, ba cikin ruwa suke yawo ba, kuma kafin su yawaita ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Da so samu ne a raine su kafin kifi ya zo. Amma duk mai yi mini tambayar nan kifinsa ya riga ya shiga ruwa, don haka aikin da bakteriyar za su yi nan gaba, kai da jarkarka za ku yi shi a makonnin nan.

Mataki na 1: San lita nawa akwatinka ke ci

Ɗauko tef ɗin tela ka auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000. Akwati mai 60 da 30 da 35 zai ba ka lita 63. Cire wurin da tsakuwa ta cinye da ɗan sararin da ka bari a sama, ya rage kamar lita 55. Rubuta adadin a takarda ka liƙa a gefen akwatin, don duk lissafin da ke tafe a kansa yake. Sannan ka sa alama a jikin gilashin a inda ruwa zai tsaya in ka cire kashi ɗaya cikin uku, da inda zai tsaya in ka cire rabi.

Hattara: lita ɗaya kilo ɗaya ce. Kada a ɗaga akwati da ruwa a ciki, gilashin ƙasa ne zai tsage ko gam ɗin ya saki. In kuma ɗan kaskon gilashin nan ne mai lita 5 ko 10 aka sayar maka, ka mayar da kifin cikin sabuwar babbar roba ko sabon baho kafin ka sami akwati. Ƙaramin ruwa cikin sa'o'i kaɗan yake lalacewa.

Mataki na 2: Haɗa kayan aiki

Ga abin da ake bukata: kayan gwajin ruwa, injin iska da filtar soso, tiyo siriri kamar mita ɗaya da rabi, bokiti biyu sababbi, jarka biyu ko ƙaramin duro mai faɗin baki, ma'aunin zafi, sirinji mai lamba 5 marar allura, 'yar ragar kamun kifi, gishirin girki, da littafin rubutu. In ruwan famfo kake amfani da shi, ƙara maganin cire kulorin.

Yawancin waɗannan a kasuwar ƙauye za ka same su. Kayan gwaji da injin iska da maganin kulorin ne sai an shiga birnin Kano ko an yi oda daga Legas, kuma farashinsu da dala yake tafiya, don haka ka tambaya ta waya kafin ka shiga mota. Kayan gwaji na kwalabe su ne mafi tsada a jerin, amma saiti ɗaya na yin gwaji masu ɗimbin yawa, mutum uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su saya. Na takarda da ake tsomawa ya fi araha, sai dai da yawansu ba sa auna amoniya, kuma damshin damina na ɓata su in an bar murfin a buɗe. Duba bayan kwalin kafin ka biya. In kuɗin bai kai ba, bar fitila mai launi da furen roba da ɗan gidan ado. Injin iska da gwaji su ne a gaba.

Akwai kuɗin da mutane ba sa lissafawa, wato na ruwa. Ga akwati mai lita 55, canji ɗaya na cin kusan jarka guda mai lita 20. Mako uku na farko kusan kullum ne, uku na baya kuma bayan kwana bibbiyu. Ka yi shirin jarka talatin. In wajen 'yan ga-ruwa kake saye, ka ninka da kuɗin jarka a garinku ka ajiye tun yanzu.

Gargaɗi: bokiti da tiyon nan na kifi ne kaɗai. Duk abin da ya taɓa omo, sabulu, fetur, kalanzir ko maganin feshin gona ya fita daga lissafi, ko sau nawa aka wanke shi. Jarkar man gyaɗa ko ta manja sai an wanke ta da ruwan zafi da yashi har maiƙon ya fita tas.

Mataki na 3: Gyara ruwan da za ka riƙa zubawa

Nan ne aka fi yin asara a karkara, saboda kowane ruwa da halinsa.

Ruwan bohol yakan fito fes, amma daga ƙarƙashin ƙasa yake, babu isasshiyar iska a cikinsa. Na wasu wurare yana da ƙarfe, shi ne za ka ga ya yi ja-ja a gindin bokiti in ya kwana. Ɗebo shi tun yamma, bar shi a buɗe ya kwana, in da hali ka jefa masa tiyon iska. Da safe ka tsiyaye na sama ka bar lakar.

Ruwan rijiya ma haka za ka yi masa, da ƙarin abu biyu. Rijiyar da ke kusa da masai ko turken dabbobi ko fadamar da ake zuba wa yuriya tana iya zuwa da amoniyarta ko naitiret ɗinta. Gwada shi tun kafin ya shiga akwati, don in da guba a ruwan da kake zubawa, canji ba zai rage komai ba. Na biyu, lokacin da amai da gudawa ya ɓulla, ma'aikatan lafiya kan zuba kulorin a rijiyoyi. Alheri ne ga mutane, amma yana kashe kifi, yana kashe bakteriyar da kake raino. In ka ji warin bilic a guga, ka ɗauke shi a matsayin ruwan famfo.

Ruwan famfo, a garuruwan da ake da shi, sai an cire masa kulorin. Ko dai ya yi awa 24 a buɗe ana hura masa iska, ko a sa magani ya yi aiki nan take. Wanda aka fi sani shi ne Seachem Prime, mililita 5 ga lita 200, wato rabin mililita ga jarka mai lita 20. Da sirinji ake aunawa, ba da ido ba. Kamfanin ya ce yana kuma ɗaure gubar amoniya na kwana ɗaya zuwa biyu. Taimako ne, amma bai ɗauke maka canjin ruwa ba.

Ruwan da aka sa wa alif don ya kwanta, kada ya shiga akwati, yana sa ruwa tsami. Na kududdufi da na rafi na zuwa da cuta da ragowar maganin gona. Ruwan sama na farkon damina wankin rufin kwano ne, ƙura ce da kashin tsuntsu. Na tsakiyar damina ya fi tsabta, amma ba shi da ma'adinai, sai a gauraya shi rabi da rabi da na bohol. Ruwan leda kuwa ɓarnar kuɗi ce kawai.

Zaɓi ruwa ɗaya ka tsaya a kansa. Yau bohol, gobe rijiya, jibi famfo, yana wahalar da kifi fiye da yadda ake zato.

Mataki na 4: Kada iska ta tsaya

Kifi na bukatar iska, bakteriyar ma haka. Mu da wuta ke zuwa ta tafi, filtar soso ta fi dacewa da mu: soso ne a cikin ruwa, tiyon iska na shiga tsakiyarsa, kumfa na fita ta sama tana jawo ruwa ta cikinsa. In an ɗauke wuta soson na nan cikin ruwan akwati, bakteriyar na iya jurewa. Filtar da take rufaffen gwangwani kuwa, in ta yi sa'o'i ba ta juya ba iskar cikinta na ƙarewa, bakteriyar su fara mutuwa, in wuta ta dawo ta watso ruɓaɓɓen ruwa cikin akwati.

Nemi ɗan injin iska mai amfani da wayar USB. Wutar da yake ci ba ta taka kara ta karya ba, fawa banki mai lamba 10,000 na riƙe shi dare guda har da saura, in kana da sola kuma shi ke nan. Dare da rana zai yi aiki. Masu kashe shi da dare don ƙara ko don tattalin batir su sani cewa da asuba ne iska ta fi ƙaranci a ruwa. In ƙarar ce ta dame ka, ɗora shi a kan tsumma.

Hattara: ajiye injin sama da bakin ruwa. In yana ƙasa aka ɗauke wuta, ruwa na iya biyo tiyo ya shiga injin ya malale ɗaki. Ranar da komai ya mutu, babu wuta babu caji, ɗebi ruwan akwatin da kofi ka riƙa zubo shi daga sama na minti biyu ko uku kowace awa, kuma kada ka ba da abinci.

Mataki na 5: Rage kifi, nemo iri

Lita 55 a makonnin nan ba ta wuce ƙananan kifi uku ko huɗu irin su gofi, moli ko filati. Kifin zinare kyakkyawa ne amma mai yawan ci da kashi, ɗaya ma ya isa. In an riga an zuba goma sha biyar, mayar da wasu ga mai sayarwa, ko ka ba wanda akwatinsa ya daɗe ya riƙe maka, ko ka raba su a baho na biyu. Na san da wuya mutum ya rabu da abin da ya sa kuɗi ya saya, amma huɗu masu rai sun fi sha biyar da za a tsince su da raga.

'Ya'yan tarwaɗa da ƙarfasa da yara ke kamowa a bakin dam, ko Tiga ne ko Watari ko Warwade, ko a kogin Haɗeja, ba na wannan akwatin ba ne. Suna girma da sauri, tarwaɗa na haɗiye duk wanda ya shiga bakinta, tana kuma tsallakowa waje da dare.

Hanya mafi sauri ta gajarta wahalar nan ita ce samun iri. In ka san wanda akwatinsa ya haura wata uku kuma kifinsa lafiya, roƙe shi ya yanko maka ɗan soson filtarsa ko ya ɗebo maka tsakuwa cikin hannu biyu. Sa a leda da ruwan akwatinsa, kada ka wanke, kada ya bushe, kada rana ta buge shi a hanya, ka ɗaure shi jikin naka soson ranar da ka karɓo. Wannan kan rage makonni. Ruwan akwatinsa zalla ba zai yi maka amfani ba, tunda ba a ruwa bakteriyar suke ba. Akwai kuma bakteriyar kwalba da ake sayarwa, sai dai abu ne mai rai, in ya sha zafi a shago ko a bayan mota ba lallai ya yi aiki ba. Ko ka zuba ta, ci gaba da gwaji.

Kainuwa ma mataimakiya ce, saiwarta na zuƙar amoniya kai tsaye. Ɗebo biyu ko uku, wanke su sosai, bar su mako guda a bokiti daban ana canja ruwa, ka tsince matsattsaku da dodon koɗi. Kada ka tura yara cikin kududdufi su ɗebo, can ake kwaso tsargiya. Kada kuma ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwa.

Mataki na 6: Abinci kaɗan, hannu ɗaya

Duk abin da ya shiga akwati amoniya zai zama. Sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti ɗaya, ka tsaya kana kallo. Abin da ya nutse ba a ci ba, zuƙe shi da tiyo. Babban kifi mai lafiya na yin kwana biyu ko uku ba ci ba tare da wata illa ba, don haka ranar da gwaji ya yi sama, a hana su.

Matsalar gidan yawa ita ce kowa na son ya ga kifi na cin abinci. Uwargida ta ba su, yara su ba su, baƙo ya zo a nuna masa. Auna abincin yini a murfin kwalba, ka ba mutum ɗaya amanarsa, ka ɓoye gwangwanin. Ban da tuwo, ban da burodi, ban da dusa da garin kwaki.

Mataki na 7: Gwaji kowace safiya

Kafin abinci, kafin canjin ruwa. Zan yi bayani da saitin kwalabe na kamfanin API, tunda shi aka fi samu. In naka daban ne, bi takardarsa.

Ɗebi mililita 5 na ruwan akwati da sirinji ka zuba a ɗan bututun gilashin. Ga amoniya, ɗigo 8 daga kwalba ta farko, 8 daga ta biyu, kwalbar a tsaye kai ƙasa don ɗigon ya daidaita. Rufe da murfinsa, ba da yatsa ba, girgiza, jira minti 5. Fita ƙofar ɗaki inda hasken rana yake, jingina bututun da farin gefen katin launuka da ke cikin saitin. Rawaya tas na nufin sifili. In rawayan ya fara sirkawa da kore, kamar lemon tsamin da bai gama nuna ba, ka kai 0.25 zuwa 0.5. Kore sosai, ka haura 1. Da hasken tocila ko na ƙwan sola ba a gane bambancin nan.

Naitirayit ɗigo 5 ne, minti 5. Shuɗi mai haske sifili ne, in ya juya zuwa shunayya to akwai shi. Naitiret sau ɗaya a mako ya isa: ɗigo 10 daga kowace kwalba, amma ta biyun sai an girgiza ta da ƙarfi daƙiƙa 30 kafin a ɗiga, a kuma girgiza bututun minti ɗaya. In ba a yi haka ba zai nuna sifili na ƙarya.

Auna pH ma a makon farko, wato lambar da ke nuna tsamin ruwa: 7 tsaka-tsaki ne, ƙasa da haka tsami, sama da haka ɓangaren kanwa. Gubar amoniya na ƙaruwa da zafin ruwa da kuma hawan pH: daga 7 zuwa 8 tana ninkuwa kusan sau goma. Wanda ruwansa ke 8 a watan Afrilu ba shi da sararin da mai 7 yake da shi a watan Janairu. Kada ka ce za ka gyara pH da lemon tsami ko kanwa. Kanwa musamman tana harba shi sama nan take, amoniyar da kifi ke jurewa ta koma mai kisa.

Rubuta kwanan wata da sakamako da yawan ruwan da ka canja. Bayan kwana goma littafin zai nuna maka inda aka dosa.

Mataki na 8: Canjin ruwa

Ga ƙa'idar. In amoniya da naitirayit duka suna ƙasa da 0.25, bar ruwan. Daga 0.25 zuwa 0.5, canja kashi ɗaya cikin uku. In ya kai 1, canja rabi. In ya kai 2 ko fiye, canja rabi yanzu, rabi kuma bayan awa uku ko huɗu, a hana abinci. Lissafin a fili yake: canjin rabi na raba gubar biyu, 2 ta koma 1, 1 ta koma 0.5. Cire kofi biyu ba ya rage komai.

Ana yawan cewa canjin ruwa na hana bakteriya yawaita. Ba haka ba ne. Suna jikin soso, kuma kifi bai daina fitar musu da abinci ba. Ko da zai ƙara maka 'yan kwanaki, ya fi a rasa kifin.

Yadda ake yi: wanke hannu da ruwa zalla, musamman da hunturu da ake shafa basilin. Cika tiyo da ruwa a bokiti, toshe bakin biyu da manyan yatsu, sa ɗaya a akwati, ɗaya a bokitin da ke ƙasa, ka saki. Ba sai ka zuƙa da baki ba, ruwan kifi ba abin kai wa baki ba ne. Bi saman tsakuwa kana kwashe kashi da ragowar abinci, ba tare da ka tone ta ba. Kifin na ciki, ba a fitar da su. Sannan ka zuba sabon ruwa a hankali a kan faranti ko tafin hannu.

Gargaɗi: zafin sabon ruwa da na akwati kada ya bambanta da fiye da digiri 2. Ruwan baƙin tankin sama da azahar a bazara na iya kashe kifi cikin mintuna, na randa kuma da asubar hunturu ya yi sanyi da yawa. Ajiye jarkar ta kwana a ɗakin da akwatin yake, da safe zafinsu ya zo ɗaya. Kada kuma a kwashe ruwan duka a wanke akwati da tsakuwa. Wannan komawa ranar farko ce.

Wanda ba shi da kayan gwaji sam, ya canja kashi ɗaya cikin uku kullum har mako uku, sannan bayan kwana bibbiyu har mako uku, ya sa ido kan kifin. In sun taru a sama suna haki, ko sun lafe a ƙasa sun tsuke fukafukai, ko naman ƙarƙashin kunnensu da suke numfashi da shi ya yi jajir, a canja rabi nan take ko da tsakar dare ne. Ruwan da ka cire ka zuba wa zogale ko alayyahu, taki ne.

Mataki na 9: Lokacin naitirayit da gishiri

Wajen mako na biyu amoniya za ta fara sauka, mutum ya ce an gama. A lokacin ne naitirayit ke tashi, kuma ya fi daɗewa, yakan yi mako biyu ko uku. Yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iska, sai ka ga kifi na haki alhali kumfa na tashi, naman kunnensa ya koma ruwan ƙasa maimakon ja.

Nan gishiri ke da amfani, yana tare wa naitirayit hanyar shiga jini. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, ba a tsiri ba, ga kowace lita 20. Narkar da shi a kofi kafin ka zuba. Gishirin girki zalla, ba na lalle ba, ba kanwa ba, ba mai haɗin ɗanɗano ba.

Hattara: gishiri ba ya bin tururi. In ka cire jarka ɗaya ka mayar da jarka ɗaya, sa cokali ɗaya. In ruwa ne ya ragu don zafi ka cike, kada ka ƙara gishiri. Kuma gishiri bai yin komai ga amoniya, bai kuma cire naitirayit daga ruwa, canji na nan daram. Da zarar NO2 ya koma sifili, daina sawa, canjin mako-mako zai fitar da sauran.

Mataki na 10: Abubuwan da za ka bari

Cikin makon farko ruwa kan yi fari-fari kamar hazo. Wasu bakteriya ne daban suka yi yawa, zai washe da kansa cikin 'yan kwanaki. Ƙara iska, rage abinci. In kore ya yi, rana ce ke bugun akwatin, a sa labule.

Soson filta zai yi ruwan ƙasa ya yi santsi. Abin da kake nema ke nan. Kada ka taɓa shi a mako shidan nan sai in ya toshe, in ya toshe kuma a matsa shi sau biyu ko uku cikin bokitin ruwan da aka cire daga akwati, a mayar. Ban da sabulu, ban da ruwan zafi, ban da shanya.

Kada ka fasa kafson mutane ko maganin kaji ka zuba don kifi ya yi laushi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta bai san bakteriya mai amfani ba, shuɗin maganin kifi ma na taɓa su. Yawancin laushin makonnin nan na ruwa ne, maganinsa sabon ruwa. Kifin da ya mutu a cire shi nan take, a canja rabi. Ƙirga su kowace safiya, gawa ɗaya a bayan dutse ta isa ta ɓata akwati.

Mataki na 11: Zafi, sanyi da feshi

Bakteriyar sun fi saurin yawaita tsakanin digiri 25 da 30. Daga Maris zuwa Mayu, a ɗaki mai rufin kwano, ruwa kan wuce haka, kuma ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai. In ma'auni ya haura 31, cire murfi ka rufe da gidan sauro marar magani, juya fanka ta busa saman ruwan. Ledar ƙanƙara ɗaya a ɗaure tana iya yawo a sama, amma ba a fasa ta a ciki. A Disamba da Janairu kuwa sanyi na rage musu sauri, aikin na iya kai wa mako takwas. Lulluɓe akwatin da bargo da dare ka bar wa tiyon iska hanya, da rana kuma murfi saboda ƙura.

Gargaɗi mai girma: fiya-fiya da maganin sauro na feshi da na kunnawa guba ne ga kifi ko kaɗan ne, kuma injin iska na zuƙo iskar ɗaki ya tura cikin ruwa. Abin da ya fi shi ne kada a yi feshi a ɗakin da akwati yake. In ya zama dole, rufe akwatin ruf da leda, miƙa injin waje ta taga da dogon tiyo, kada a buɗe sai warin ya fita gaba ɗaya. Turaren wuta ma a nisanta kaskon daga injin.

Mataki na 12: Gane an gama, da ƙara kifi

Alama uku ce tare: amoniya sifili, naitirayit sifili, naitiret ya bayyana, wato bututunsa ya bar rawaya ya koma ruwan lemo. In haka ta tabbata kwana 7 a jere, kana ciyarwa kullum ba ka canja ruwa ba, akwatinka ya kafu. Mai kainuwa da yawa zai iya ganin naitiret ɗinsa ƙasa-ƙasa, saboda tana sha, ya dogara da biyun farko. In an haura mako shida babu motsi, duba pH: in ya faɗi kusa da 6 bakteriyar na tsayawa, canjin rabi da ruwan bohol kan tashe su. Duba kuma ko kulorin na shigowa ta ruwan da kake zubawa.

Daga nan canji ya koma kashi ɗaya cikin huɗu a mako, naitiret kada ya wuce 40. Bakteriyar da ke akwatin daidai kifin da ke ciki suke, don haka ƙari biyu-biyu ne ko uku-uku, a bar mako biyu tsakani, a yi gwaji kullum na kwana biyar bayan kowane ƙari. In daga birni za ka taho da su, kama hanya da sassafe, ledar a cikin kwali a ƙafarka, ba a but ba. Ka iso, ɗora ledar a ɗaure a saman ruwa minti 20, buɗe ta ka riƙa ƙara mata rabin kofi na ruwan akwati kowane minti biyar har sau uku ko huɗu, sannan ka kamo kifin da raga ka saka. Ruwan ledar a zubar da shi waje, kuma sai washegari za a ba da abinci.